Ƙwayar Hutun Haihuwa: Kada A Yi Saurin Yar Da Ita

A ƙauyukan Rano da Kibiya, mace takan fara shan ƙwayar hutun haihuwa, sai ta ji tashin zuciya, ko ta ga ɗigon jini ba lokacin al'ada ba. Sai ta tsorata, ta daina a ɓoye. Kafin a ankara, ga ciki, ga goyo.

To, yawancin wannan damuwa yakan lafa cikin wata 3. 'Yar'uwa, ki riƙa shanta kullum lokaci guda, bayan tuwon dare, tashin zuciyar zai ragu. Mai shayarwa ta gaya wa ungozoma, gama akwai irin tata dabam.

Amma matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ba na haƙuri ba ne. A bar ƙwayar, a tafi Babban Asibitin Rano a ranar.