Kwazazzabon Taroko: Inda Dutse Ke Tashi, Kogi Ke Yanka

A wannan mako za mu leƙa gabashin nahiyar Asiya, zuwa tsibirin Taiwan, domin mu ga wani wuri da ake kira Taroko. Duk wanda ya taɓa lura da yadda ruwan damina ke cin gefen hanya har ya haƙa kwazazzabo a bayan gari, ya riga ya san rabin labarin. Namu a cikin ƙasa ruwa ke haƙa shi, cikin 'yan damuna kaɗan. Na Taroko kuwa a cikin dutse yake, kuma kogin ya shafe miliyoyin shekaru yana wannan aiki. Har gobe bai gama ba.

Ina wurin yake?

Taroko gandun daji ne na ƙasa, wato yankin da gwamnati ta keɓe domin kare shi, kamar Gashaka-Gumti a nan Najeriya. An kafa shi a shekarar 1986, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, akasarinsa a gundumar Hualien. Ya samo sunansa daga ƙabilar Truku, waɗanda suka daɗe suna zaune a waɗannan tsaunuka. Tsauni mafi tsawo a cikinsa shi ne Nanhu, mai mita 3,742.

Amma abin da ya fi jawo baƙi shi ne kwazazzabo mai tsawon kimanin kilomita 19, wanda kogin Liwu ke ratsawa kafin ya faɗa tekun Pasifik. A wasu wuraren bangayen dutsen biyu sun miƙe ɗaruruwan mitoci, suna dab da juna, har sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya hango ɗan tsirin sararin sama.

Yaya aka yi ya samu?

Bangayen na marmara ne, wannan dutse mai santsi da sheƙi da ake shimfiɗawa a daɓen manyan gine-gine. Masana sun ce asalinsa ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a ƙarƙashin teku, suka daskare suka zama irin farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka da Sakkwato. Daga baya zafi da nauyin ƙasa suka gasa shi ya koma marmara.

To me ya fito da dutsen ƙarƙashin teku zuwa kan tsauni? Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya yi kama da fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, sai dai gutsattsarinsa suna motsi a hankali. A daidai Taiwan biyu daga cikinsu suka haɗu suna turereniya: wanda ke ɗauke da Turai da Asiya, da kuma na tekun Filifin. Wannan turereniya ce ke ɗaga ƙasar Taroko da kusan rabin santimita kowace shekara. Kada ku raina wannan adadi. Ku lissafa da kanku: a shekara 1,000 ya zama mita 5.

Yayin da dutsen ke tashi, kogin yana yankawa ƙasa. Ba ruwan kaɗai ke yankan ba. Yashi da tsakuwa da duwatsun da yake ɗauke da su ne haƙoransa, kamar na zarto. Da a ce bangon mai laushi ne, da ya riƙa zubewa har wurin ya zama kwari mai faɗi. Amma marmara na da tauri, tana tsayawa cak, shi ya sa yankan ya yi zurfi ya kuma yi ƙunci.

Hanyar da ta ci rayuka

Kafin zamanin mota, sai dai ƙananan turbobin ƙafa. Tsakanin 1956 da 1960 aka sassaƙa hanyar mota da ta ratsa kwazazzabon ta haɗa gabashin tsibirin da yammacinsa. Yawancin ma'aikatan tsofaffin sojoji ne, kayan aikinsu kuwa diga da guduma da nakiya. Fiye da mutum 200 suka rasu a wannan aiki. An gina musu wurin tunawa mai suna Changchun a jikin dutse, inda ruwa ke gangarowa ba ya ƙafewa. Shi kansa ginin zabtarewar dutse ta rushe shi fiye da sau ɗaya, ana sake gina shi.

Turbobin masu tattaki

Kowace turba a Taroko da irin mutanenta. Shakadang mai sauƙi ce, ba hawa sosai, tana bin gefen wani rafi mai ruwa garau, shuɗi-shuɗi kore-kore. Kafin girgizar ƙasar 2024, iyaye kan bi ta da 'ya'yansu. A Yanzikou, wato kogon tsattsewa, bangon cike yake da ramuka da ruwa ya huda tun lokacin da kogin ke gudana a can sama. Ganin waɗannan ramuka sama da kanka shi ne shaidar irin nisan da kogin ya yi ƙasa. Kafin girgizar, akan ba baƙin wannan wuri aron hular kwano saboda duwatsun da ke faɗowa.

Turbar Baiyang kuwa tana bi ta cikin ramukan da aka huda a dutse, wasu da duhu ƙirin, sai da tocila. A ƙarshenta akwai wani rami da ruwa ke zubowa daga rufinsa kamar labule, wanda kafin girgizar mutane kan shiga da rigar ruwa.

Mafi ban tsoro ita ce Zhuilu, tsohuwar hanya da aka sassaƙa a jikin bango lokacin mulkin Japan, wadda ta mallaki tsibirin daga 1895 zuwa 1945. A wani wurin faɗinta bai kai mita ɗaya ba, ga kogin can ƙasa da nisan ɗaruruwan mitoci. Ko kafin girgizar ba a shigarta sai da takardar izini, kuma akwai iyakar adadin mutanen da akan bari a rana.

Ranar da dutsen ya motsa

Da safiyar 3 ga Afrilu, 2024, gab da ƙarfe 8, girgizar ƙasa mai ƙarfin sama da maki 7 a ma'aunin hukumomin Taiwan ta auku kusa da Hualien. Tun 1999 tsibirin bai ga irinta ba. Duwatsu suka gangaro suka toshe hanyar mota, suka binne sassan turbobi. Aƙalla mutum 18 suka rasu, da yawansu a cikin gandun, har da a Shakadang, turbar da kowa ke gani ba ta da haɗari. Ɗaruruwan mutane suka maƙale a ciki na kwanaki. Aka rufe gandun, hukumomi kuma suka ce gyaran wasu turbobin zai ɗauki shekaru.

Abin lura shi ne, turereniyar da ta ɗaga marmara har muke sha'awar ganinta, ita ce ta haifar da girgizar. Ruwan saman da ke ba kogin ƙarfin yanka, musamman lokacin mahaukaciyar guguwa daga Yuli zuwa Oktoba, shi ne ke kwance duwatsu su faɗo. Kyawun wurin da haɗarinsa tushensu ɗaya. Mai yawo a Taroko yana tafiya ne a wurin da ake kan aiki, don haka hular kwano da takardar izini da allon "an rufe" ba don ado aka tanade su ba.

Me ya shafe mu?

Mu ba mu cika ganin girgizar ƙasa ba, amma muna da duwatsu da rafuka, kuma makaranta kan kai mu yawon buɗe ido. Idan hakan ta kama, kada ɗalibi ya ware daga ayari ko ya bar turbar da jagora ya nuna. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, a kuma riƙe ruwan sha isasshe. Kada a zauna hutawa a gindin bangon dutse, musamman bayan ruwan sama. Kada kuma a yi wasa a busasshen rafi da damina, domin ruwan da aka yi a wani gari mai nisa yana iya isowa ba tare da ko ɗigo ya sauka a kanka ba. Hoto kuma, komai kyawunsa, bai kai ran mutum ba. Idan malami ya ce a juya, a juya. Dutsen yana nan, ba inda za shi, a dawo wata rana.

Allah ya tsare mu a duk inda muka sa ƙafa. Sai mako mai zuwa.