Gudu a Bazara: Sabo da Rana Ba Sulke Ba Ne

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Talata Mafara da Bakura da Maradun kan haura digiri 40, kuma wannan awon inuwa ne. Kwaltar da ta ratsa Mafara daga Gusau zuwa Sakkwato ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Duk da haka ba a rasa samari suna sassarfa a gefenta, wasu na shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, wasu 'yan ƙwallo ne, wasu kuma gasar tseren makaranta ce a gabansu. In ka yi musu maganar rana, amsar ɗaya ce: a cikinta aka haife mu, Bature zafi ke kayarwa. Akwai gaskiya a maganar, kuma wannan gaskiyar ce ke sa a haɗiye ƙaryar da ke maƙale da ita.

Sabo dai gaskiya ne. Jikin da ya yi kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi yakan fara zufa da wuri, gishirin da ke fita cikinta ya ragu, zuciya ta daina wahala kamar da. Manomin da ke ban ruwa a gonakin shinkafa na Bakolori ya fi baƙo juriya, ba musu. To amma a duba yadda yake yi: bayan asuba yake fita, yana aiki yana tsayawa, rana na take tsaka ya nemi gindin itace. Mai tsere ba shi da wannan damar, kuma wutarsa daga ciki take tasowa, domin kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Ga shi sabon ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa ko rashin barci na iya rushe shi cikin kwana guda. A gasar duniya ta Doha a 2019, an ɗaga gudun fanfalaƙi na mata zuwa tsakar dare saboda zafi, amma cikin 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba, har da gwanaye daga Habasha. Bayan wannan ne aka ɗauke gudun fanfalaƙi na Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan.

Wani zai ce ai Doha bakin teku ce, iskarta da danshi, tamu kuwa busasshiya ce. A Maris haka ne, kuma busasshiyar iska tana taimako, tunda zufa sai ta bushe take sanyaya jiki. Sai dai tana ruɗi. Mai gudu ba ya ganin jiƙewa, sai ya ɗauka bai rasa komai ba, alhali farin zanen gishirin da ya fito a bayan rigarsa shaida ce ta ruwan da ya tafi. Da Mayu ta kama kuma, hadari ya fara haɗuwa, danshi ya shigo tun ruwa bai sauka ba, zufa ta riƙa zuba ba ta bushewa. Nan ne ma'aunin zafi zai nuna ƙasa da na Afrilu, jiki kuwa ya fi jigata. Masu ɗaura leda cikin riga don wai su narke kitse, wannan yanayin suke ƙirƙirar wa kansu. Ruwa ke zuba, ba kitse ba.

Batun shan ruwa kuwa, ɓangarori biyu duk sun kauce. Masu cewa ruwa na kashe wa mai gudu jiki ba su da hujja. Kurɓa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishi ita ce daidai. Masu cewa ruwa ba ya yawa su ma sun yi kuskure, domin ɗura shi fiye da kima na tsarma gishirin jini, abin da kan kai ga kumburin ƙwaƙwalwa a dogon gudu.

Jita-jitar da ta fi tayar da hankali ita ce wadda ke cewa kada a zuba wa wanda ya faɗi ruwan sanyi, wai jini zai daskare ko jiki ya shanye. Ƙarya ce, kuma tana cin rai. Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, yaro ya fara tangaɗi, yana sambatu, bai gane abokansa ba, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ne ke dahuwa. Wasu kan ce iska ce ta buge shi, wasu su ce ai yana zufa, don haka ba zafi ba ne. Mai gudu kuwa kan faɗi jikinsa sharkaf. Likitocin wasanni sun daidaita a kan cewa a fara sanyayawa nan take, cikin rabin awa, sannan a nufi asibiti. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwan randa ko na ƙanƙara daga wuya zuwa ƙafa ana fifita, a ci gaba har cikin mota. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Addu'a kuma ba ta hana hannu zuba ruwa.

Saboda haka nauyin yana wuyan mai tsara gudun, malami ne ko koci, ba a kan juriyar yaro ba. Legas tana yin babban gudunta tun 2016, galibi a watan Fabrairu, da sassafe. Yankin Mafara yana da hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da safiya ke sa mutum neman bargo. In dole sai a bazara, a tashi bayan asuba a gama kafin hantsi, a rage nisa, a ajiye duro cike da ruwa a inda za a ƙare. Mai azumi kuwa ya bari sai ya sha ruwa.