Sabon inji, tsohon lagireto: Abin da ke sa motoci tafasa a zafin Katsina

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a birnin Katsina kan kai digiri 40 ko ma ya zarce, da wuya a bi hanyar Kano ko ta Daura ba a ga motar da aka ɗage wa bonet ba, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar bedi. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci ba da injinsu na asali suke yawo ba. An sauke wanda ya gaji, an ɗora ɗan Beljiyam da aka sayo a Kofar Ruwa ta Kano, wani lokaci ma na wata mota daban, amma an bar lagireton da aka tarar.

Asarar da ke biyo baya ba ƙarama ba ce. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙona gasket, ta lanƙwasa kan inji, direban haya ya kwashe kwanaki ba ya aiki alhali bai gama biyan bashin injin ba. A wasu hanyoyin jihar kuwa, irin ta Jibiya da ta yi fama da 'yan bindiga, lalacewar mota da yamma ta wuce maganar kuɗi.

Inji ne ke yanke hukunci

Man da inji ke ƙonawa kusan kashi uku yake rabuwa: kashi ɗaya ya tura mota, ɗaya ya fice ta salansa, ɗaya kuma ya shiga ruwa, wanda lagireto zai miƙa wa iska. Ke nan duk ƙarin ƙarfin da aka yi wa mota, an ƙara wa lagireto aiki kusan daidai da shi.

A ɗauki Toyota Camry ta ƙarshen shekarun 1990, wadda har yau take cike da tituna. Injinta mai silinda huɗu, lita 2.2, ƙarfinsa kusan doki 130 ne, na V6 mai lita 3 kuma kusan doki 190. Wanda ya sauya na farko da na biyu ya ƙara kusan rabin zafin da lagireto zai fitar idan an taka mota sosai. Wanda ya yi akasin haka don rage shan mai, kamar yadda wasu ke yi tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba shi da wannan damuwa, domin lagireton V6 ya fi ƙarfin ƙaramin inji.

Shi ya sa ma'auni mafi sauƙi shi ne lagireton motar da aka ciro injin daga cikinta. A auna tsawonsa da faɗinsa, a nemi wanda bai gaza shi ba. Mai sayen inji ya kan tsaya ciniki a kan giya da kwakwalwar mota, ya manta da wannan, sai daga baya ya dawo neman sa da tsada.

Sannan a sa lissafin Katsina. Lagireto na aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iskar waje. Idan ruwa na digiri 90, iska na 25 kamar ranar bazara a Jamus, tazarar 65 ce. A Katsina cikin Afrilu tazarar ta koma 50, wato lagireto ɗaya ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa tun kafin a kunna esi, wadda nata lagireton ke gaba yana ɗumama iskar. Motocin Fijo da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975 don yanayin ƙasar nan aka shirya su. Motar da aka yi wa Turai, ta shigo ta Kwatano, ba lallai ta zo da wannan tanadi ba.

Maganar dabul sel

Amsar da ta fi yawa a gareji idan mota ta fara zafi ita ce a sa dabul sel, wato lagireto mai layi biyu na bututu. Yana taimakawa, amma ba ya ninka sanyaya kamar yadda sunan ke nunawa. Iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta ɗauki zafi kafin ta isa na biyu, don haka na bayan ba ya aikin da na gaba ke yi. Ƙari a kan haka, kauri na hana iska wucewa, musamman a cunkoso, inda fanka kaɗai ke jan ta. Lagireto mai faɗin fuska, ko da layi ɗaya ne na bututu masu faɗi, sau da yawa ya fi mai kauri da aka matse a ƙaramin wuri. Kauri mafita ce idan gaban mota ba shi da sauran fili, kuma a lokacin dole fanka ta zama mai ƙarfi.

Akwai hanyar gane inda matsalar take kafin a kashe kuɗi. Motar da ke zafi a tsaye ko a cunkoson kasuwa, amma allura ta sauko da zarar an hau titi, iska ce ba ta ishe ta ba: a duba fanka da robar da ke kewaye da ita. Wannan roba, wadda ake yawan jefarwa wajen sauya inji saboda ba ta zauna daidai ba, ita ce ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon gefensa. Motar da ke lafiya a gari amma ta ɗauki zafi a doguwar tafiya da lodi, ita ce ake zargin lagiretonta ya yi ƙanƙanta, ko ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji.

Abin takaici shi ne dabul sel kan zo da abokan tafiya biyu: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Tamostat na buɗewa ne idan ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, kuma da zarar ya buɗe ba ya hana sanyaya. Cire shi na barin inji cikin sanyi da safe, musamman da hunturu, kwakwalwar mota ta riƙa zuba mai fiye da kima, a lokacin da kowace lita ke da ciwo. A wasu injinan ma cire shi na sa ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba. Idan ya maƙale, a sauya shi da mai kyau.

Ƙananan abubuwa masu kayar da babban lagireto

Murfi na cikin waɗanda aka fi rainawa. Matsin da yake riƙewa, wanda ake rubutawa a kansa kamar 0.9 ko 1.1, shi ke ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta mutu zai sa sabon lagireto amai. Haka bakin tiyo: idan na lagireto bai yi daidai da na sabon inji ba, aka rage shi da walda ko aka lanƙwasa tiyo har ya matse, an shaƙe ruwan ke nan. Mota mai giyar otomatik kuma tana buƙatar lagireto mai mashigar man giya, abin da ba kowane ke da shi ba.

Masu mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG su ma abin ya shafe su, domin na'urar da ke rage matsin gas daga ruwan inji take samun ɗumi. An ƙara tiyo da mahaɗai, kuma idan ba a fitar da iskar da ta maƙale a layin ruwa ba bayan aikin, allura za ta riƙa hawa ba tare da laifin lagireto ba.

Sai ruwan kansa. Na rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a cikin bututu masu siriri, har rabin lagireto ya daina aiki ba a sani ba. Idan an kashe mota ta ɗan huce, a shafa fuskarsa da hannu: wurin da ya yi sanyi alhali gefensa na da zafi ya toshe. Ruwa zalla ya fi kulant ɗaukar zafi, amma kulant ne ke hana tsatsa, don haka ake haɗa su. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙwarin damina kan like ramukan iska. A wanke su da ruwa mara ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, domin injin wanki mai matsi yana kwantar da siraran ƙarafan.