Jinin Mutanen Bakin Tafkin Kainji Amana Ne

Gwajin ƙwayoyin gado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin aure shi ne mafi sauƙinsa, kuma da dalili, tunda ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, har Jihar Kano ta wajabta shi a 2024. Sabon abu shi ne kamfanonin da ke karɓar yawu ko jini su karanta gadon mutum kaf, su adana, sannan su ba masu bincike.

Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi suna da ruwa da tsaki a wannan batu. Gungawa da Kambari da Shangawa da Hausawa da Fulani na zaune kafaɗa da kafaɗa a bakin tafkin, irin bambancin da masana ke nema ruwa a jallo, domin bayanan 'yan Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka nazarta a duniya ba. Maganin da aka gina kan jinin Turawa ba lalle ya dace da masuncin garin Warra mai fama da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ba. Ƙin shiga bincike asara ce.

Masu ɗari-ɗari ma suna da hujja. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara lokacin annobar sanƙarau a Kano, daga baya kuma sai da gwajin ƙwayoyin gado aka biya iyalai diyya. Kamfanin 54gene na Legas, wanda ya tara jinin dubban 'yan Najeriya, ya durƙushe a 2023, kamfanin 23andMe na Amurka kuma ya bayyana karyewarsa a 2025. To, bayanan suna hannun wa? Maganin wannan shi ne sharaɗi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A yi wa mutum bayani da harshensa, a faɗa masa inda jininsa zai je, a bar masa damar janyewa, sakamakon kuma ya dawo asibitin garinsa.

An tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar Neja domin madatsar Kainji ta 1968. Kada a sake karɓar abin hannunsu ba tare da rabonsu ba. Masarautar Yauri da gwamnatin Kebbi su tsaya kai da fata a kan haka.