Tiyatar rage ƙiba: abin da ya kamata a sani kafin a shiga, da rayuwar da ke biyo baya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu jikinmu amana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, a Garwa da Marwa da Ngawundare mun taso muna kallon ƙiba a matsayin alamar hutu. Amarya ta yi wata uku a ɗaki ta murje, sai a ce miji ya iya kiwo. Alhaji ya ajiye teɓa, sai a ce kasuwa ta yi albarka. Har yau akwai matan da ke sayen ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" don su ƙara jiki. Amma kowa ya san gidan da ƙibar ta zama jinya: uwar da ta koma salla a kan kujera saboda gwiwa, uban da ciwon suga da hawan jini suka haɗe masa, mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

Shi ya sa maganar tiyatar rage ƙiba ta fara shigowa hirarmu, musamman daga tallace-tallacen asibitocin ƙetare a Facebook da WhatsApp. Tallar tana nuna hoton mutum kafin aiki da bayan aiki. Abin da ke tsakanin hotunan biyu, da shekarun da ke biyo bayansu, shi muke so mu yi bayani a kai, domin a nan ne shawarar take.

Mece ce wannan tiyata?

Da farko a bambanta ta da aikin zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata. Wancan gyaran siffa ne, ba ya taɓa ciwon suga ko hawan jini. Tiyatar da muke magana a kanta a tumbi da hanji ake yin ta, kuma iri biyu ne suka fi yawa a yau.

Na farko shi ne rage tumbi, wanda likitoci ke kira "silib". Ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, saboda haka sha'awar abinci ma tana raguwa. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba a mayar da shi.

Na biyu shi ne karkatar da hanyar abinci, wato "baifas". Ana ware wani ɗan aljihu mai girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita mai suna Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara irin wannan aiki a tsakiyar shekarun 1960. A yau galibi ba a tsaga ciki. Ƙananan huji ake yi a zura kyamara da kayan aiki.

Wa ya cancanta?

Likitoci suna amfani da awon da ake kira BMI, wanda a takardun asibitocinmu na Faransanci za a ga an rubuta IMC. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Misali, mace mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110: a raba 110 da 1.65, a sake raba abin da ya fito da 1.65, za a samu 40 da ɗan ɗori. Daga 25 mutum ya wuce kima, daga 30 ƙiba ta zama cuta.

Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce a yi wa wanda awonsa ya kai 40, ko ya kai 35 tare da wata cuta irin su suga da hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko babu wata cuta, daga 30 kuma ga mai ciwon suga da magani ya kasa saisaitawa. Wanda bai kai nan ba, hanyarsa ita ce gyara ci da motsa jiki: rage suga a shayi, rage lemon kwalba da soye-soye, da tafiya a ƙasa bayan asuba ko bayan la'asar. Akwai kuma allurar nan ta sati-sati irin su Ozempic da Wegovy, masu iya rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, sai dai suna da tsada, nauyin yakan dawo in an daina, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu. Kada a saye su sai ta hannun likita.

Matsayin shari'a

Wasu suna tambaya ko wannan bai shiga canza halittar Allah ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya mai mazauni a Jidda ta tattauna batun tiyatar gyaran jiki a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, a watan Yulin 2007. Matsayar da ta cimma ita ce ya halatta a rage nauyi ta hanyoyin likitanci da aka amince da su, har da tiyata, idan nauyin ya zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an aminta daga cutarwa. Sharuɗɗan nan uku su ne dai tambayoyin da likita mai amana zai yi maka. Wanda gwiwa da suga suka tsananta masa magani yake nema. Wadda take son siffar da ta gani a waya kuwa, sai ta sake tunani.

Amfani da haɗari

Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna rasa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu. Waccan mai kilo 110 za ta iya sauka zuwa wajen kilo 80. Ciwon suga yana lafawa ga mutane da yawa, wasu har su bar magani na shekaru, ko da yake yakan dawo wa wasu. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987 a kan mutum kimanin 4,000 ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba.

Haɗari kuma yana nan. A asibitocin da suka ƙware, kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000 ne ke rasuwa a watan farko. Abin da aka fi tsoro shi ne ɗinkin tumbi ya yi yoyo, ko zubar jini, ko gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ya wuce huhu. Waɗannan alƙaluma na wuraren da ake bin majinyaci sau da ƙafa ne. Wanda aka yi wa aiki a Tunisiya ko Turkiyya ko Indiya, ya hau jirgi bayan mako guda ya sauka Duwala ko Yawunde, sannan ya kamo hanyar arewa, ya yi nisa da hannun da ya ɗinke shi. Doguwar tafiya a zaune ita kanta tana ƙara haɗarin gudan jini.

Saboda haka a riƙe waɗannan alamu: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama, ko kumburin ƙafa ɗaya. A wajenmu duk zazzaɓi maleriya muke ɗaukarsa, mu aika kyamis. Ga wanda bai daɗe da yin wannan tiyata ba, kuskuren nan yana iya cin rai. A garzaya babban asibiti, a gaya musu irin aikin da aka yi tun daga bakin ƙofa.

Rayuwa bayan an dawo gida

Makonni biyu na farko ruwa-ruwa kawai: romon da aka tace, madara, kunu mai tsinkewa marar suga. Makonni biyu na gaba abin da aka dama ya yi laushi, kamar kindirmo da wake da aka markaɗe da dafaffen kifi. Sai wajen mako na shida zuwa na takwas ake komawa abincin gida, shi ma loma kaɗan, ana taunawa sosai. Wanda ya saba tashi da malmala biyu ta tuwon dawa zai ga loma huɗu ko biyar ta cika shi.

Tunda wurin ya ƙanƙance, abin da ke gina jiki shi ake fara sawa: kifin Binuwai, ƙwai, kaza, wake, nono. Ana buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin kullum. Tuwo da shinkafa da burodi su ne na ƙarshe, in wuri ya rage. Ba a haɗa ci da sha. A bar minti 30 tsakani. Lemo mai gas an yi sallama da shi. Mai baifas kuma idan ya sha abu mai zaƙi sosai, kamar shayinmu na suga ko zoɓon biki, yana iya jin jiri da gumi da faɗuwar gaba da gudawa nan take.

Ruwa shi ne babbar matsalarmu a nan. Jiki na buƙatar aƙalla lita ɗaya da rabi kullum, amma sabon tumbi ba ya karɓar kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi daga safe zuwa dare. A Garwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Ɗan acaɓa ko mai rumfa a kasuwa da ya manta gorar ruwansa zai iya ƙarewa a gadon asibiti ana yi masa ƙarin ruwa.

Sai magungunan ƙarin sinadarai: bitamin B12, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D. Har ƙarshen rayuwa ake shan su, tare da gwajin jini sau da yawa a shekarar farko, daga baya sau ɗaya duk shekara. Wanda ya daina saboda ya ji garau, ƙarancin jini da mutuwar jiki da raunin ƙashi za su biyo shi a hankali. Idan amai ya ƙi tsayawa kwanaki, a je asibiti a tuna musu da bitamin B1 kafin ƙarin ruwa mai suga, domin rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna jawo gyambon ciki bayan wannan aiki, musamman baifas, haka ma taba da shisha. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuma dole likita ya sake auna masa, don kada ya yi masa yawa.

Akwai abubuwan da ba sa cikin talla: gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida sannan ya dawo, fata takan saki, tsakuwa takan fito a matsarmama, mai silib yakan yi fama da ƙwannafi. Wasu kuma suna mayar da wani ɓangare na nauyin bayan shekara biyu zuwa biyar idan tsohuwar ɗabi'a ta dawo. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, alhali raguwar nauyi tana sauƙaƙa samun cikin. Wannan magana ce da miji da mata za su gama tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Azumi da zaman jama'a

Azuminmu ya haura awa 13, kuma na 2024 da na 2025 sun zo cikin zafin Maris. Likitocin fannin suna ba da shawarar kada a yi azumi a watanni 6 zuwa 12 na farko. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Wanda likita ya sahale masa ya fara, sai ya buɗe baki da ruwa kaɗan-kaɗan da dabino ɗaya, ya yi salla, sannan ya ci abin gina jiki, ya ci gaba da kurɓar ruwa har sahur. Ƙosai da fanke da kunu a zama ɗaya ba nasa ba ne kuma.

Mu mutane ne masu cin kwano ɗaya. A wurin suna ko walima ko ranar layya, wanda ya tsame hannu bayan loma uku za a ce ya raina abincin, ko a fara raɗe-raɗin wata cuta ganin yadda ya zube. Iyali su san gaskiyar lamarin, su daina "ƙara mana, don Allah". Wannan ma taimako ne ga ɗan'uwa.

Kafin ka ce to

Ka tambayi likitan: sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara? Wane iri ya dace da ni, kuma me ya sa? Za a duba cikina da kyamara a yi maganin ƙwayar cutar gyambon ciki tukuna? Kwana nawa zan zauna kusa da asibitin kafin in hau hanya? Za a ba ni cikakken rahoton aikin a Faransanci ko Turanci?

Ka kuma tambayi kanka: wane likita ne a Garwa ko garin da nake ya yarda zai ci gaba da duba ni? Ina zan riƙa yin gwajin jini? Zan iya sayen magungunan nan duk wata, shekara da shekaru? Wanda ya sayar da gona ko shanu ya biya kuɗin tiyata, bai ware na bayanta ba, ya yi rabin shiri ne. Idan amsoshin sun cika kuma cutar ta kai, jinkiri ma yana da nasa haɗarin, domin suga da hawan jini ba sa jira. Sai a yi shawara da masana, a yi istihara, a dogara ga Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, Ya ba mu ikon kula da amanar da Ya ba mu. Amin.