Ƙari a nono: abin da aka gani a jikin ɓerayen bincike

Mata da yawa kan zo mana da ƙari a nono, sun riga sun yanke dalilinsa tun daga gida. Wata ta ce jifa aka yi mata, wata ta ce kuɗin da take sokewa a rigar mama ne. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wasu ɓeraye.

Ba ɓerayen rumbu nake nufi ba. Akwai fararen ɓeraye da masu bincike ke kiwo cikin keji mai tsabta, ana auna musu abinci da ruwa. Wani irinsu da ake kira Sprague-Dawley, a Amurka aka fara kiwonsa a 1925. Ɓera yakan rayu shekara 2 zuwa 3, saboda haka abin da zai ɗauki mace shekaru masu yawa, a jikinsa ana ganinsa da wuri. Macen ɓera tana da nono 12, daga wuya har zuwa mara. In ta tsufa, sau da yawa ƙari kan fito mata haka kawai. Ba a ba ta guba ba, ba ta da kishiya, ba ta taɓa riƙe kuɗi ba.

Da aka bincika, sai aka ga sinadaran jikin mace da ake kira homon suna da hannu sosai. Ɓerar da aka cire wa gidan ƙwai tun tana ƙarama ba ta cika yin ƙarin ba. Wadda aka bari ta ci iya cinta ta yi ƙiba ta fi yinsa a kan wadda aka rage wa abinci. Mutum ba ɓera ba ne, amma a mata ma shekaru, da homon, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada suna ƙara haɗarin.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne wannan. Yawancin ƙarin ɓerayen ba sankara ba ne, tsiro ne mai zamewa ƙarƙashin fata, ba ya yaɗuwa. Amma wasu sankara ce, kuma sai an yanki ɗan nama an duba da madubin likita ake rabe su. Haka yake a jikinki. Ni da nake taɓa nono a wurin aiki, hannuna kaɗai ba zai tabbatar miki ba, balle mai tsaga ko mai shafa magani. Kuma sankarar nono a farkonta yawanci ba ta ciwo, abin da ke yaudarar mata ke nan.

Ki riƙa duba nononki da hammatarki sau ɗaya a wata, bayan kin gama al'ada. In kin ji ƙari, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ki zo asibiti cikin makon nan, kada ki jira a gama girbi. Maigida, kai ma ka rako ta.