Gizo-gizo da Sauro

Yaranmu sun san Gizo a tatsuniya. To, mu nuna musu na gaskiya, mai saƙa a kusurwar ɗaki. Su ƙidaya ƙafafunsa, 8 ne. Sauro da ƙuda kuwa, 6 gare su. Gizo-gizo yana kama su, yana cinyewa. Kada a kashe shi a banza.

Da damina, a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, mu nuna wa yaro kaskon da ya tara ruwan sama. Tsutsotsin da ke wutsil-wutsil ciki 'ya'yan sauro ne. Cikin kamar kwana 10 sai su yi fiffike. Sauro ke kawo zazzaɓi mai kashe yara. Mu sa yaron ya kife kaskon da hannunsa.